Akwatin da Ake Yanka Auta

A gidan wasanmu na dabo da barkwanci, doka ɗaya ce tun zamanin kakanmu: bare ba ya leƙa cikin akwatin da ake raba mutum gida biyu. Duk wanda ya ga sirrin, to ya zama ɗan gida.

Muna tsakiyar gwaji da hantsi kafintan da ke gyara mana kujeru ya durƙusa, ya ce Auta yake so da aure. Yayana, uban yarinyar, ko zarton hannunsa bai ajiye ba.

"'Yar da ake yi wa tafi zan ba mai buga ƙusa? Tashi."

Raina ya ɓaci. Mu ɗin me muke, in ba masu ciro kurciya daga hula ba?

Auta ta fito daga akwatin, ta dubi ubanta, ta dubi kafinta. Sai ta wangale murfin.

"Zo ka gani," ta ce wa kafinta.

Na dafe ƙirji.

Kafinta ya runtse ido, ya juya baya.

"Rufe, don Allah. Ina son ki, amma ba ta ɓarauniyar hanya ba. Sai Baba ya yarda."

Kafinta fa! Mutumin da kallo ɗaya ya ishe shi ya gane komai.

Yayana ya daɗe yana kallon ƙeyarsa. Can ya ajiye zarton.

"Juyo, malam. Murfin nan ya shekara yana cijewa, mun rasa wanda za mu nuna wa."