Yawon Amarcin Doña Remigia

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu sha labari.

Tun ranar Litinin Doña Remigia ta kasa zama wuri ɗaya. Tana niƙan masara tana waƙa, tana shanya tana juyi, har kajin gidan suka fara yi mata kallon baƙuwa. Dalili kuwa, ita da mijinta Don Anacleto za su tafi kallon dutse mai aman wuta, irin kallon da baƙi suke ƙetaro teku su zo Gwatamala su yi.

Wato ita ta ce za su tafi. Shi bai ce ba tukuna.

Don Anacleto bai taɓa kwana nesa da gonarsa ta gahawa ba. A 'yan kwanakin nan babu wanda bai yi fama da shi ba a kan ya ɗan bar gonar nan. Limamin coci ya zo, magajin gari ya tako da kansa, 'yarsu ta bugo waya daga birni har da kuka. Duk amsa ɗaya suka samu: gahawa ta nuna, ba inda za shi.

Remigia ba ta roƙe shi ba, ta san kayanta. Ta ajiye masa baƙin wake da wainar masara mai zafi, ta zauna gefensa tana karkaɗa ƙafa.

"Cleto, akwai wani masauki a hayin tafki. An ce daga saman soronsa ana ganin dutsen tun daga gindi har baki. Kana zaune ƙafa ɗaya kan ɗaya, a kawo maka cakulan mai zafi."

"Sai bayan girbi, tsohuwa."

"Haka ka ce ranar aurenmu. Bayan girbi za ka kai ni yawon amarci. Ga shi haƙorana sun fara sallama da ni ɗaya bayan ɗaya, girbin bai ƙare ba."

Ya ci gaba da cin wakensa.

"Ba komai," in ji ta. "Don Fulgencio mai kanti ya ce in ba ka da hali, shi zai raka ni. Har sabuwar hula ya saya."

Cokali ya tsaya a hanya. "Wannan mai tumbin? Ya raka wa?"

Kafin wake ya huce an yi ciniki: kwana biyu, a bas ɗin safiyar Alhamis.

Sai shiri ya kankama. Ta ɗaure rigunanta na biki da hoton aurensu. Ta naɗe keken ɗinki a bargo. Ta cika safa guda da irin gahawa ta cusa a ƙasan jaka. Kajin kuwa ta aika wa ƙanwarta can kwari, wai kada kewa ta kama su.

"Kwana biyu fa muka ce!" in ji Don Anacleto.

"Ina ruwanka da kayan amarya?"

Ta ƙure rediyo, kiɗan marimba ya cika ɗaki, ta fizgo shi suka kama rawa. Kwanuka suna ta kaɗawa a kan kanta, ƙura tana zubowa daga rufi, ita tana dariya har da hawaye. Shi ma tun yana turjewa har ya saki jiki.

Ranar Alhamis bas ta tsaya a bakin hanya tana ta ƙaho. An ɗora kaya, Remigia ta sa ƙafa ɗaya a ciki, ta waiwaya. Don Anacleto yana tsaye a ƙofar gida ya juya mata baya, yana kallon itatuwansa da suka yi jajir da 'ya'ya.

"Yi gaba, tsohuwa," ya ce. "Gobe na biyo ki."

Hannunta ya kama ƙarfen ƙofa har jijiyoyi suka fito. Direba ya sake danna ƙaho. Sai ta ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji: "Don Fulgencio! Matsa mini in zauna kusa da kai, ni kaɗai ce!"

Ba a san tsohon yana da sauran gudu haka ba.

Bas ta cika maƙil da maƙwabta, ga katifu, ga talotalo, ga jarirai. Ya dube su ya ce, "Kowa yawon amarci yake yau?"

"Ka san mutanen garin nan da kwaikwayo," in ji ta, ta cusa masa ayaba a baki.

Sun isa hayin tafki da la'asar sakaliya. Ta ja shi har saman soron masaukin, ta sa aka kawo cakulan, ta gyara masa wuyan riga. Ga dutsen nan tsaye a gabansu, ya tokare sama. Da rana ta faɗi sai ya yi wani irin gurnani, ya watsa wuta sama, jan ruwan wuta ya gangaro ta haƙarƙarinsa. Baƙi suka ɗauki sowa. Remigia ta fi kowa tafi, tana tsalle kamar yarinya, sannan ta zauna daɓas tana riƙe da gefen rigarsa.

Wani baƙo ya ara wa Don Anacleto madubin hangen nesa. Ya daɗe yana kallo. Ya cire hularsa, ya sake kallo.

"Yaya, ango?" ta tambaya a hankali. "Ya yi kyau?"

"Ya yi kyau, amarya," ya ce, ya lalubo hannunta ya riƙe gam. "Duk zamanmu a jikin dutsen nan ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ga wutar can ta cinye gonarmu, yanzu ta shiga ɗakin kwananmu."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, a nan ta tsaya.