Kukan da Darakta Yake So

"Tsaya!" Darakta ya daka wa jarumar tsawa, karo na tara. "Baiwar Allah, an ce miki mijinki ya mutu, sai ki ce 'to' ki ci gaba da goge kofi? Wa yake haka?"

"Ni na yi, ranar da nawa ya rasu."

"Ba tarihinki muke ɗauka ba. Ki yi kuka, ko na kawo wata."

Ta kurma ihu, ta yi birgima har ɗankwali ya faɗi. Ya tafa mata, shi da ya karanci baƙin ciki a jami'a.

Wayarsa ta yi ƙara. Yayansa ne: "Mama ta cika yanzu."

"To," ya ce.

Ya cire tabaransa ya shiga gogewa. Yana ta gogewa.