Asabar ɗin Aro

Ranar da suka kammala digirin kasuwanci da ma'aikata ke yi duk Asabar, Tae-ho ya ja abokiyar karatunsa Seon-ju zuwa shagon taliyar da suka saba a Seoul. Ya zuba mata shayi.

"Aji ya ƙare. Ki bar min Asabar ɗinki mana, har abada."

Ta kalli kofin, ta ce:

"Yaya, aronta na yi wurin 'yata. Tana can bakin taga tana jirana. Lokacin mayarwa ya yi."

Ta fita ba ta cika masa nasa kofin ba, abin da ba ta taɓa mantawa ba. Ya zauna har taliyar ta huce, sannan ya ɗauki butar ya zuba wa kansa.