Wanda Ake Tambaya

Fuskar likitan da ke ba da umarni daga nesa ta daskare a allo, ga mara lafiya kwance yana nishi.

"Ba layin intanet biyu gare mu ba?" babbar nas ta ɗaga murya. "Me ya hana na biyun ɗauka?"

Injiniyar asibitin ta riga ta durƙusa gaban na'urar da ke sauya layin. Ashe akwatin kamfanin da ke bayan katanga kaɗai na'urar ke tambaya ko layi na aiki, shi kuwa ko hanya ta yanke a gaba, amsawa yake.

"Maƙwabci take tambaya, Anti. Daga yau wurare uku masu nisa za ta riƙa taɓowa. Biyu suka yi shiru, ta sauya layi."

Ta gyara. Likita ya motsa, ya ci gaba da bayani.

Injiniyar na fitowa saƙon yayanta na kullum ya shigo: "Mama lafiya ƙalau." Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta kira Mama da kanta.

Muryar da ta amsa da ƙyar take fita. "Wa ya gaya miki an kwantar da ni?"

"Ba kowa, Mama. Ga ni nan tafe."