Bencin Ƙasan Bene

Kowace Laraba malamin tuƙi yakan sauke matarsa a bakin wani bene, ya kashe mota, ya ce, "Hau, ina nan." A sama ne, in ji ta, iyayen da ciwon daji ya raba da 'ya'yansu suke zama da likitan ƙwaƙwalwa su amayar da abin da ke cikinsu. Shi kam bai ga abin amayarwa ba. 'Yarsu Auta ta rasu, an yi haƙuri, an koma aiki. Mutumin da ya shekara ashirin a gefen 'yan koyo bai taɓa yin ihu ba, ai ba shi za a koya wa natsuwa ba.

Gaskiya dai ya daina bin titin asibiti, ko da zagayen zai cinye masa mai. Ya kuma hana a ambaci yarinyar a gida, har matar ta rasa sunan da za ta kira shi da shi, tunda kiransa Baban Auta ya haramta. Gidan ya koma tamkar ɗakin jiran likita: mutum biyu, kowa na kallon bango. Ya ga ta sauko da babban akwatinta daga kan kwaba, ya ce wa kansa shara take yi.

A ƙasan benen akwai benci, a kan bencin kuma akwai wani mai furfura da filas ɗin shayi da kofi biyu. Malamin tuƙi, wanda ke taƙama da karanta mutum daga yadda ya riƙe sitiyari, kallo ɗaya ya yi masa ya gane: wani mijin ne da aka ajiye a ƙasa kamar takalmi a ƙofar ɗaki.

"Kai ma an kawo ka gadi?"

"Ga ni dai," in ji mai furfura, ya miƙa masa kofi.

Suka saba. Malamin tuƙi yakan yi wa na sama dariya, masu zama a da'ira ana miƙa musu hankici. Mai furfura ba ya musu, ba ya kuma taya shi. Tambaya gare shi kamar ɗan koyo: yaya ake sanin mutum ya tsorata a kan titi? Me ya sa malami ke da nasa birkin a gefensa?

Birkin ne ya kayar da shi. Ya fara bayani tiryan-tiryan, sai ya ji bakinsa yana cewa Auta takan zauna a kujerar malami, ta taka masa birki a tsakiyar layi don ta ga ya fusata. Ranar da gashinta ya zube, hularsa ta ɗauka, ta rufe mata har hanci. A hanyarsu ta ƙarshe zuwa asibiti ta miƙa ƙafa, ba ta da ƙarfin takawa, ta ce, "Baba, yi kamar na taka." Ya tsaya cak, motoci na ta yi masa oda.

Ƙato da shi, da gemu, ya yi kuka har da majina. Mai furfura bai ce ya yi haƙuri ba. Ya dai zaro hankici sabo, ya jira. Can ya saci kallon agogo, sai ga matar tana saukowa, idonta a bushe kamar kullum.

Ranar, a mota, ya ce, "Kin tuna hular nan?" Ta juyo ta dube shi. Da yamma akwatin ya koma kan kwaba.

Da ya samu sauƙi sai tausayin mai furfura ya kama shi. Ga bawan Allah, makonni suna tare, bai taɓa ambaton ɗansa ba, matarsa ma ba ta taɓa saukowa ta same shi ba. Irin masu haɗiye abu ne, su ne ke faɗuwa rana tsaka. Ba kowa ke da ƙarfin zuciya irin na malamin tuƙi ba. Wannan kam sai an haɗa shi da likita.

Laraba ta gaba ya ce zai kewaya, ya lallaɓa ya hau benen a karon farko. Babu da'ira, babu masu kuka. Dogon baranda ne, da matarsa ita kaɗai a kujera tana saƙa. Ta miƙe, zaren ya gangara ƙasa.

Ya wuce ta da isa irin ta mai aikin lada, ya ce wa matar da ke kan tebur, "Likita nake nema. Akwai wani abokina da ke bukatarsa, ba ya dai so a sani."

"Ai dukkansu haka suke," in ji ta, ba ta ko ɗago ba. "Shi ya sa likita ba ya hawowa ranar Laraba. Ranar iyaye maza ce, a bencin ƙasa yake ganinsu."