Ranar da Tanderu na Biyu Ya Fashe

"Ga ranar nan," in ji mai kula da takardun, ya turo mana wani tsohon littafi.

Kwana uku ni da Inna muna tonon akwatunan takardun gidan masu masana'antar ƙarfe a ɗakin adana tarihi na birnin Cardiff, a ƙasar Turawa. Kakanninsu sun narka ƙarfe, jikokin sun zama lauyoyi, kuma ba su taɓa yar da ko guntun takarda ba.

Inna tana da shekara huɗu lokacin da tanderunsu na narka ƙarfe ya fashe, mahaifinta yana tsaye a bakinsa yana aiki. Ba a sami abin binnewa ba, balle kabari. Yanzu tana da tamanin, idanunta sun tafi.

"Karanta min, 'yar nan. Mutanen da ko karensu ya yi tari sai sun rubuta, sa manta da Baba?"

Na duba. Layi ɗaya ne: "Tanderu na biyu ya fashe. Mun rasa dokinmu Seren, da ma'aikaci ɗaya."

"Sun rubuta sunansa?"

"Sun rubuta, Inna."

"Ɗora min yatsana a kai."

Na ɗora. Ta daɗe tana shafa sunan dokin.