Mai Koren Ƙyalle

Usur bai gama ƙara ba aka fara shigo da su, wani a kan gadon ɗauka, wani rataye a kafaɗar masu gadi. Babban likitan tiyata yana tsaye a farfajiyar sashen haɗurra, aljihunsa cike da ƙyallaye. Ja na wanda za a shiga da shi yanzu, rawaya na mai iya ɗan jira, kore na mai tafiya da ƙafarsa, baƙi kuwa na wanda sai dai addu'a.

Atisaye ne. Ɗaliban makarantar jinya aka ɗebo, aka ce da su gini ne ya rufta musu. Ƙanwar matarsa, mai yi wa amare kwalliya, ita ta wuni tun asuba tana zana musu raunuka da jan fenti da auduga. Ta ce wannan ne karon farko da aka roƙe ta ta munana mutane.

Shi dai babu dariya a ransa. Bara, da motocin haya suka yi karo aka cika musu sashen, ya duƙufa kan wani mai karayar ƙafa saboda ihunsa ya fi na kowa. Wata mata tana zaune shiru a kan benci, jini yana zuba a cikinta, har rai ya yi halinsa. Ba wanda ya faɗa masa baƙar magana, kuma wannan ya fi masa ciwo. Har yau kewaya bencin yake yi, kamar mai gudun surukinsa.

Yanzu ga masu bincike sun zo, suna zaune a inuwa suna kallo. In sashen ya sake faɗuwa, rufe shi za a yi, a riƙa wucewa da masu haɗari can wani asibiti mai nisa, kowa kuma ya san saboda wa.

Don haka bai bar komai ba. Ya sa an rufe ƙofar gaba, marasa lafiya na gaske su bi ta baya. Ya sa wasu ɗaliban su zama dangi, su taru a bakin ƙofa suna kururuwa, ya kuma ja kunnen masu gadi: mai rauni kawai zai shiga, ko uwar mutum ce ta tsaya waje. Sai abin ya zo masa da sa'a, har magina da ke aikin sabon bene a gefen asibitin suka daina buge-bugensu daidai lokacin, ana jin umarninsa rangaɗau.

Ya bi layi kamar mai rabon goro. A atisaye ba a ɓata lokaci wajen taɓa jijiya, don jijiyar ɗalibin da ya karya kumallo ba abin da za ta gaya maka. Fentin ake dubawa, a tambayi mutum me aka ce ya faɗa, a ɗaura ƙyalle, a wuce. Ja, rawaya, ja, baƙi. Wata yarinya ta kwarara ihu har ɗaya daga cikin masu binciken ya gyaɗa kai.

A gindin bishiya ya tarar da ɗaya zaune, ya jingina, hannunsa dafe da haƙarƙarin hagu. An baɗe shi da ƙurar siminti har gira, wannan kam an yi ƙoƙari. Amma jinin ɗan kaɗan ne a gefen baki, shi ma ya yi duhu, ba kyan gani kamar na sauran.

"Kai me aka ce yana damunka?"

"Ƙishirwa nake ji, likita."

"Da ƙafarka ka shigo?"

"Eh, an dai riƙe ni."

Ya ɗaura masa kore. Har ya juya, sai haushi ya kama shi, don idon baƙi yana wajen. Ya sunkuya ya rage murya.

"Ka ɗan yi nishi mana, malam. Kowa yana ƙoƙari, kai ka zauna kamar mai jiran mota."

"Yi haƙuri, likita," in ji mutumin.

A bakin ƙofa dangi sun fi ƙarfin abin da ya tsara. Wasu ƙarti har jijjiga ƙarfen suke yi suna nuna cikin farfajiya, masu gadi suna tura su baya. Ya ƙudurta a ransa zai nemi malamin da ya horar da su ya yi masa godiya.

Cikin ɗan lokaci an kwashe jajaye zuwa tiyata, rawaya sun samu gadaje, ba a yi karo a ƙofa ba, ba a nemi almakashi an rasa ba. Aka busa usur na biyu. Matattu suka miƙe suna karkaɗe riga suna dariya, mai ihun nan tana neman takalminta. Shugaban masu binciken ya riƙe hannun likita ya ce bai taɓa ganin tsari irin wannan ba. Likita ya yi godiya ya juya. Yana wucewa ta gaban bencin, ya zauna a kai.

Daga nan ya hango mai koren ƙyallen, ya zame ya kwanta a gindin bishiya. A bakin ƙofa kuma ƙartin nan ba su daina jijjiga ƙarfe ba, ko ba su ji usur ba ne.

Ƙanwar matarsa ta zo wucewa da bokitin ruwa da tsumma.

"Je ki tashi ɗalibinki," ya ce yana murmushi. "Sai da aka tashi wasa ya tuna da kwanciya. Wannan kam kin yi masa rowar fenti."

Ta je ta tsuguna, ta kai tsumman bakinsa ta goga. Ta daɗe tana kallon tsumman, sannan ta ɗago.

"Yaya, wannan ba ni na shafa masa ba."